Zanen Gini Ya Yi Kyau, Ina Rajistar Kayansa?

Mai son gini a yau ba ya gamsuwa da takardar zane mai layuka. So yake a juya masa ginin a allon kwamfuta, ya ga fenti, ya ga tagogi, har da inuwar bishiyar da ba a dasa ba tukuna. Matasanmu masu koyon zanen gini sun rungumi manhajoji irin su Revit da ArchiCAD, kuma ina murna da haka. Damuwata ita ce ranar da aka yanke ƙyalle aka miƙa makullai, wannan samfurin na kwamfuta yakan tafi da wanda ya zana shi, a bar masu ginin da hoto a bango.

Wannan tsarin, wanda ake kira BIM, ya wuce hoto nesa ba kusa ba. Kowane abu a cikin samfurin yana iya ɗaukar bayaninsa: wannan famfon wane kamfani ya ƙera shi, ƙarfinsa nawa, yaushe aka girka shi, yaushe garantinsa zai ƙare, ta ina bututun ruwa ya bi a cikin bango. Amfanin wannan bayani ba ya bayyana sai bayan shekara biyar ko goma, lokacin da ɗan kwangila ya daɗe da tafiya, bango ya fara jiƙa, mai gyara ya tsaya da guduma yana neman inda zai fasa.

Magabatanmu sun san wannan matsala, sun kuma yi mata magani irin nasu. Maginin da ya ɗora azarar soro shi ke dawowa ya yi yaɓe kafin damina, ya duba indararo, kuma ɗansa na biye da shi yana haddace sirrin ginin. Yanzu kuwa mai zane daban, mai gini daban, mai gyara daban, ma'aikacin da ya san inda aka binne waya ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe. Abin da ba a rubuta ba ya salwanta.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. A 2007 sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya fito da COBie, wanda a zahiri jadawali ne na ɗakuna da kayan da ke cikinsu, ana miƙa shi tare da makullai. Birtaniya ta wajabta BIM a ayyukan gwamnatin tsakiya daga 2016, sannan a 2020 aka fitar da kashi na uku na ƙa'idar ISO 19650, wanda ya shafi kula da bayanan gini bayan an fara amfani da shi. A gida ma, a watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan umarnin zartarwa mai lamba 11 game da kula da gine-ginen gwamnati. To amma ta yaya za ka kula da abin da ba ka ƙidaya ba?

Ina ganin yankinmu na da damar da wasu ba su da ita. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura a 2021 aka kafa ta, yawancin gine-ginenta na gaba ne. Da safe ake kama fara: kowane sabon gini a karɓe shi tare da zanen yadda aka gina shi a zahiri, domin wanda aka yi gwanjon kwangila da shi sau da yawa ya sha bamban da abin da ke ƙasa. A karɓi samfurin a tsarin IFC, wanda manhajoji da dama ke iya buɗewa, don kada tsadar lasisi ta kulle wa makaranta bayananta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure kuwa, wadda tushenta ya koma 1991, tana da tsofaffin gine-gine da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. A ba kowane rukuni gini ɗaya su auna, su zana, su ƙidaya kayansa. Sun koyi sana'a, makaranta ta sami rajista.

Wani zai ce duk wannan zancen manyan makarantu ne, ina ruwan ƙaramin asibiti a Roni ko firamare a Gwiwa, inda wuta da intanet ba su da tabbas? Gaskiya ne ba sa buƙatar Revit. Amma suna da burtsatse mai sola, da batura, da firjin rigakafi, da tankin sama, kuma waɗannan su ne ke mutuwa shiru a bar mutane ba ruwa. A manna wa kowanne lamba, a rubuta ranar girkawa da ranar gyara a jadawalin Excel a sakatariyar ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi a littafi mai kauri a wurin. A kuma ɗora wa mutum ɗaya a sashen ayyuka alhakin sabunta shi, don rajistar da ba a taɓawa ta fi rashinta haɗari: za ta nuna batir na nan alhali an canza shi tun bara.

Hanya mafi sauƙi ta tilasta wannan tana hannun mai biyan kuɗi. A rubuta a takardar kwangila cewa ragowar kuɗin da ake riƙe wa ɗan kwangila ba za su fita ba sai ya miƙa zane da rajistar kaya, sai kuma injiniyan hukuma ya zaga ɗaki ɗaki ya tabbatar abin da ke rubuce shi ne ke wurin.