Jinjina ga Masu Gano Bututu a Lungunan Birnin Kano

Gidajen cikin birnin Kano ba su da bututun gas, a tukunya ake sayen gas ɗin girki. Bututun da ke binne a lungunan Yakasai da Mandawari na ruwa ne, kuma tarihin famfo a Kano ya faro tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka jawo ruwa daga Challawa.

Masu gyaran famfon da ke gano waɗannan bututu sun cancanci jinjina. An ɗaga lungu, an zuba siminti, kwata ta sauya hanya, amma gwani sai ya dubi inda ƙasa ta jiƙe, ya tambayi dattijon unguwa inda tsohon famfo yake, ya kasa kunne ya ji motsin ruwa. Rami ɗaya ya ishe shi. A lungun da kura ke wucewa da ƙyar, tonon banza na iya raunana katangar ƙasa ta maƙwabci.

A 2020 aka fara aikin bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano. Idan wata rana bututun gas ya shigo lungunan nan, gas ba ya yafe kuskuren diga. Don haka ya kamata hukumar ruwa ta zauna da waɗannan gwanaye, a zana taswirar abin da suka sani tun suna raye.