Kiɗan Shawagi: Nazari a Kan Zaɓen Kiɗa Don Hotunan da Ake Ɗauka Daga Sama

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wannan takarda ina so in juya maganar, domin akwai fagen da rawa ce ke riga zuwa, kiɗa ya biyo ta daga baya. Fagen kuwa shi ne na hotuna masu motsi na shawagi, wato waɗanda ake ɗauka daga cikin jirgin da ba shi da inji, ko na tsuntsaye masu lilo a sararin sama, ko kuma waɗanda samarinmu ke ɗauka da ɗan jirgi maras matuƙi a kan garuruwanmu. A irin waɗannan hotuna an riga an gama rawa tun a sama, sai mai haɗa hoton ya zauna ya nemo mata kiɗa. Maƙasudina shi ne in nuna cewa wannan zaɓe aiki ne na adabi, yana da ƙa'idoji, kuma wanda ya yi shi da ka yana iya sa hoton ƙasarsa ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Zan fara da jirgin shawagi a inda ya samo asali, sannan in dawo gida, ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi.

2.0 Jirgin Shawagi da Irin Tafiyarsa

Jirgin shawagi jirgi ne mai dogayen fukafukai sirara, ba shi da inji. Akan ja shi da igiya, ko dai da wani jirgin ko da na'ura daga ƙasa, har ya kai wani matsayi a sake shi. Wani Bajamushe, Otto Lilienthal, shi ne ya fara nacewa a kan wannan fasaha daga 1891 har ta zama ajalinsa a 1896. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka taƙaita wa Jamus harkar jiragen inji, sai matasanta suka koma ga shawagi, aka fara gasa a tudun Wasserkuppe a 1920. Jirgi mai kyau na wannan zamani, idan yana kilomita 1 daga ƙasa, yana iya zamewa kilomita 40 ko fiye kafin ya sauka. Wato daga saman Aliero zai wuce Jega ya isa Maiyama bai nemi ƙarin hawa ba.

To, da me yake hawa? Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama kamar ginshiƙi. Guguwar da muke gani da bazara tana murɗa ƙura da kara, ƙasan irin wannan ginshiƙi ce ta bayyana. Matuƙi yakan shiga cikinsa ya yi ta zagayawa, kowane zagaye kimanin daƙiƙa 20 zuwa 30, har ya kai gindin gajimare, sannan ya miƙe ya zame zuwa ginshiƙi na gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaga kai da hantsi ya ga shirwa, ko shamuwa a farkon damina, suna lilo ba tare da kaɗa fiffike ba. Saboda haka tafiyar shawagi gaɓa biyu gare ta: zagaye mai hawa, da miƙewa mai zamewa. Sautinta kuma biyu ne: shuuwar iska a jikin jirgi, da kukan wata 'yar na'ura da ke ƙara kaifi in jirgi na hawa, ta yi ƙasa in yana sauka. Duk kiɗan da za a ɗora, a kan waɗannan zai zauna.

3.0 Misalai Biyu Daga Amurka

A fim ɗin The Thomas Crown Affair na 1968, wanda Norman Jewison ya shirya, akwai wurin da Steve McQueen ke tuƙa jirgin shawagi, aka ɗora waƙar The Windmills of Your Mind wadda Michel Legrand ya tsara kiɗanta, har ta ci kyautar Oscar a 1969. Abin lura shi ne karin waƙar kansa zagaye yake yi: jimla ɗaya ce ke komowa, kowane komowa ta ɗan sauya matsayi, kamar dai yadda jirgin ke komowa wuri ɗaya amma ba a tsayi ɗaya ba. Kiɗan bai tsaya bayanin jirgi ba, ya ari siffar tafiyarsa ne. Wannan shi ne dalilin nasararsa.

Na biyu shi ne The Sun Ship Game na Robert Drew, wanda ya fito a 1971, a kan gasar shawagi ta ƙasar Amurka da aka yi a Marfa ta Jihar Texas a 1969. An ƙawata shi da waƙoƙin Bee Gees. A nawa ra'ayin, inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne inda ya bar mu da iska da muryoyin matuƙa a rediyo, muna jin fargabar mai neman hawa alhali ƙasa na ƙara matso shi. Da zarar sanannun muryoyi sun shigo, sai hankalin mai kallo ya rabu biyu. Darasin a nan shi ne waƙa mai baiti tana zuwa da nata labarin, kuma labari biyu ba su cika zama lafiya a hoto ɗaya ba.

4.0 Abin da Ke Faruwa a Gida

A ƙasarmu abin da ya fi kusa da wannan shi ne hotunan ɗan jirgi maras matuƙi. Yawancin irin waɗannan jirage ba sa naɗar sauti, domin ƙarar farfelarsu za ta danne komai. Ke nan hoton kurma yake saukowa, kuma duk abin da kunne ya ji daga baya, zaɓin mai haɗawa ne, alhakinsa kuma a wuyansa. Zan kawo misalai uku daga ayyukan da ɗalibaina suka kawo mini, ba tare da ambaton suna ba.

Na farko hoton kasuwar Jega ne, an ɗauko shi daga bakin Gulbin Zamfara ana tafe a hankali har saman rumfuna. Jega gari ne da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a ƙarni na 19, kasuwarta kuwa ta daɗe tana tara fatake daga nesa. Mai haɗawa ya ɗora wani kiɗan fiyano mai sanyi da ya samo kyauta a intanet, irin wanda za a ji a kan hoton dusar ƙanƙara ta Turai. Saurin kiɗan ya dace da tafiyar hoton, ban musa ba. Amma ya kashe kasuwar. Wurin da aka sani da hayaniyar ciniki da kiran 'yan dako ya koma kamar kufai, mutanen ciki suka zama abin kallon baƙo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan kuwa an ara masa kukan wani gida.

Na biyu gonakin albasa ne na Aliero a lokacin rani, fangali bayan fangali, kore shar, da manoma suna ban ruwa. Wannan ɗalibi ya guje wa kuskuren na farko, ya nemo kiɗan gida, amma sai ya ɗauko waƙar fada mai kotso. A nan ne matsalar da ta keɓanta da mu take. Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka nuna a ƙamusunsu na kiɗan Hausa cewa kowane kiɗa namu yana da mahallinsa a cikin al'umma, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya faɗaɗa wannan a nazarce-nazarcensa na makaɗa da mawaƙa. Kotson Narambaɗa na fadar Isa ne, taushin Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi ne, kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da 'yan dambe kafin Shata ya kai shi ko'ina. Bugu da ƙari, gangarmu magana take yi; kunnen Bahaushe yana jin take da kirari a cikinta ko da ba a buɗe baki ba. Saboda haka da aka ɗora waƙar sarauta a kan gonaki, sai hoton ya zama kamar yana cewa duk abin da ido ya gani mallakar wanda ake wasawa ne. Manomin da ya duƙa tun asuba ya ɓace daga labarin guminsa. Da gangar noma aka sa, da an yi masa adalci, ko da yake saurinta na masu kai fartanya ne, ya fi ƙarfin hoton da ke tafiya a hankali.

Na uku shi ne ya fi burge ni, kuma shi ne mafi ƙarancin kayan aiki. Da wayar hannu aka ɗauke shi daga ƙasa a wani ƙauye na Maiyama: shirwa ce guda tana zagaye a kan gona bayan girbi. Ɗalibar ta bar sautin wurin yadda yake, iska da kukan tumaki daga nesa, har tsawon zagaye biyu. Sai da tsuntsuwar ta miƙe ta fara zamewa sannan sarewar wani makiyayi ta shigo, ta kuma ɗauke kafin hoton ya ƙare. Sarewa da numfashi ake busa ta, jimlarta doguwa ce, ba ta da bugun da ke ƙidaya lokaci, kuma ba ta wasa kowa. Iska ce ke ɗauke da tsuntsuwar, iska ce kuma ke cikin kiɗan.

5.0 Ma'aunin Zaɓe

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da ma'auni. Da farko, a auna kiɗa da numfashin hoto. Abin da ke lilo yana son sauti mai ja, irin na sarewa da goge da kukuma, ko gurmi idan an sassauta shi. Sai dai a tuna goge ma yana da nasa tarihin na bori da dandali, kuma dattijon da ke kallo bai manta ba.

Na biyu, a tambayi kai: wannan kiɗa na wane ne, kuma me yake faɗa a kan mutanen da ke ƙasa? Daga sama kowa ƙarami ne, kiɗa ne ke iya mayar masa da girmansa ko ya ƙarasa shafe shi.

Na uku, a bar wa shiru gurbinsa. Matuƙan jirgin shawagi da kunne suke hawa, kuma wanda ya rufe shuuwar iska da kiɗa tun daga farko har ƙarshe ya cire abin da ya bambanta shawagi da tafiyar inji.

Na huɗu kuwa haƙƙi ne. Waƙoƙin magabata da ake yankowa ana liƙawa suna da magada, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare su. Wanda ya je ya naɗo makaɗi mai rai a ƙauyensu, ya biya shi, ya rubuta sunansa, ya tsira daga wannan, ya kuma adana wani abu da zai iya salwanta.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa shawagi yana da nasa kari tun kafin a kawo makaɗi, kuma kiɗan Hausa ba ya zama shimfiɗa kawai a ƙarƙashin hoto, domin kowane kiɗa yana da ubangida da sana'a da magana a bakinsa. Abin da ke gabanmu ya wuce ƙawa. Ungulu da muka taso muna gani tana lilo a kan mahauta ta yi ƙaranci, har an sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa tun 2015, masu busa sarewa ma ba ƙaruwa suke yi ba. Hotunan da samarinmu ke ɗauka yau su ne jikokinmu za su duba su san yadda Jega da Aliero da Maiyama suke. Ina kira ga sassan Hausa na kwalejojin ilimi da jami'o'i, har da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, su shigar da wannan darasi cikin nazarin waƙar baka, su kuma tanadi taskar kiɗan gida da aka naɗa da izinin masu shi, domin ɗalibi ya sami inda zai ɗebo. In ba haka ba, za a gaji hoton ƙasarmu da muryar wasu.