Aure da Rabuwa a Fim ɗin Banshun na Yasujiro Ozu: Nazarin Jigo da Salo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wani fim na ƙasar Japan mai suna Banshun, wanda Yasujiro Ozu ya shirya a kamfanin Shochiku a shekarar 1949. Ma'anar sunan ita ce ƙarshen bazara, watau ƙarshen lokacin nan da itatuwa ke fure a Japan bayan wucewar sanyi. Labari ne na wani malamin jami'a da matarsa ta rasu, da 'yarsa tilo wadda yake son ya aurar, ita kuwa ba ta son ta bar shi. Mai kallon da ya saba da jigon auren tilas, kamar yadda muka san shi a wasanninmu na kwaikwayo da littattafan soyayya da finafinan Indiya, zai yi saurin jefa wannan fim cikin wancan rukuni. Mu a namu ganin yin haka kuskure ne. Abin da za mu yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, babban jigon Banshun rabuwa ne, aure kuwa hanya ce kawai da rabuwar ta biyo, kuma Ozu ya isar da wannan jigo ne ta hanyar ɓoye abubuwan da kowa ke sa ran gani.

2.0 Mai Fim da Zamaninsa

An haifi Ozu a Tokyo ran 12 ga Disamba 1903, ya kuma rasu ran 12 ga Disamba 1963, ranar da ya cika shekara 60 cif. Ya fara shirya finafinai tun zamanin da ba su da magana. Shi da abokin aikinsa Kogo Noda suka rubuta wasan Banshun, sun kuwa ɗauko tushensa daga wani gajeren labari na Kazuo Hirotsu a kan uba da 'ya. Chishu Ryu ne ya fito a matsayin uban, Setsuko Hara kuma ta fito a matsayin 'yar. Mujallar Kinema Junpo ta zaɓe shi fim mafi kyau na Japan a wannan shekara.

Ba za a fahimci fim ɗin sosai ba sai an san halin da ƙasar ke ciki a lokacin. Daga 1945 zuwa 1952 Japan tana ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance ne bisa jagorancin Amurka, kuma kowane rubutun fim sai ya bi ta hannun masu tacewa, waɗanda ke ƙyamar duk al'adar da suke ganin ta tsohon tsarin sarauta ce, har da auren haɗi. Sabon tsarin mulki ya fara aiki a watan Mayu na 1947, sashe na 24 nasa kuwa ya tanadi cewa aure ba ya ƙulluwa sai da yardar namiji da mace. Daga farkon 1948 kuma gyararriyar dokar zamantakewa ta soke tsohon tsarin gida wanda ya ba maigida iko a kan auren 'ya'yansa. Ke nan uban da ke cikin wannan labari ba shi da wata doka da zai dogara da ita ya tilasta wa 'yarsa. Wannan batu shi ne mabuɗin dukan abin da ya biyo baya.

3.0 Taƙaitaccen Labari

Farfesa Shukichi Somiya, mai shekara 56, yana zaune a Kamakura tare da 'yarsa Noriko mai shekara 27. Ita ke kula da abincinsa da tufafinsa da baƙinsa. Ta yi fama da rashin lafiya sakamakon aikin tilas na lokacin yaƙi, amma yanzu ta murmure. Gwaggonta Masa, 'yar'uwar uban, ta dage cewa lokacin aure yana wuce yarinyar. Da farko an yi tunanin Hattori, mataimakin Farfesa, sai aka tarar ya riga ya yi baiko. Daga nan gwaggo ta kawo wani saurayi mai suna Satake. Noriko ta ƙi, hujjarta kuwa ita ce babu mai kula da mahaifinta in ta tafi. Don a toshe wannan hujja, sai uban ya bar ta ta ɗauka cewa zai auri wata mata mai suna Miwa, wadda mijinta ya rasu. Noriko ta yi fushi, daga baya ta amince da Satake. Uba da 'ya suka yi tafiyar ban kwana zuwa Kyoto, aka ɗaura aure, sa'an nan Somiya ya bayyana wa ƙawar Noriko cewa maganar aurensa ƙarya ce ya yi. Fim ɗin ya ƙare da shi zaune shi kaɗai a gida.

4.0 Warwarar Jigo

Labarin auren tilas kamar yadda muka saba da shi yana buƙatar abubuwa uku: azzalumin uba, da masoyin da aka hana, da mijin da ba a so. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Banshun. Somiya mutum ne mai sanyin hali wanda ba ya ɗaga murya. Noriko ba ta da wani masoyi na ɓoye. Ko Hattori da suka yi yawon keke a bakin teku tare, dariya ta yi da mahaifinta ya tambaye ta game da shi. Satake kuwa ita da bakinta ta nuna wa ƙawarta cewa ba ta ga aibinsa ba, har ana kwatanta kamanninsa da na ɗan wasan Amurka Gary Cooper. Abin da Noriko ke gudu shi ne barin zaman da ta riga ta gamsu da shi, ko wane ne mijin.

Bugu da ƙari, Ozu bai fifita wani nau'in aure a kan wani ba. Aya, ƙawar Noriko, auren soyayya ta yi, auren ya mutu, ta koyi aikin ofis tana ci da kanta, kuma ita ce ke ƙarfafa wa Noriko gwiwa ta yi auren, in bai yi daɗi ba ta fito. Onodera, abokin Farfesa, ya sake aure bayan rasuwar matarsa, Noriko ta faɗa masa cikin raha cewa abin ƙazanta ne, amma da ta ga sabuwar matar a Kyoto sai ta ji kunyar kalmarta. Da fim ɗin wa'azi ne a kan auren haɗi ko a kan auren zamani, da ba a jera waɗannan misalai masu karo da juna haka ba.

Idan haka ne, ina nauyin labarin yake? Yana kan ƙaryar da uban ya yi. Tun da doka ta karɓe masa ikon umarni, kuma rarrashi bai ci ba, abin da ya rage masa shi ne ya ɓata kansa a idon 'yarsa domin ta iya juya masa baya. Dalilinsa a fili yake: shi mai tsufa ne, in ya mutu zai bar ta ba miji ba sana'a. Amma sakamakon ya faɗa kan su biyu, domin ita ta tafi da zaton an sami mai maye gurbinta, shi kuwa ya zauna ba kowa. Tambayar da fim ɗin ya ajiye a gabanmu ita ce, shin uba yana da hurumin yaudarar 'yarsa domin alherin da shi yake hango mata? Yardar da tsarin mulki ya tanada ta samu a baki, to amma yardar da aka gina a kan labarin ƙarya, yarda ce?

5.0 Salo

Babbar dabarar Ozu a nan ita ce tsallake. Ba a nuna fuskar Satake ba ko sau ɗaya. Ba a nuna ganawarsu ta farko da Noriko ba, ba a kuma nuna bikin auren ba. Abin da aka nuna a ranar auren shi ne ɗakin Noriko na bene: ta durƙusa cikin kayan amarci ta gode wa mahaifinta, aka fita da ita, na'urar ɗaukar hoto ta tsaya a kan madubi da kujerar da babu kowa a kai. Ozu ya bi wurin da aka bari, bai bi wurin da aka nufa ba, da haka ya gaya mana wane gefe na al'amarin ya dame shi.

Dabara ta biyu ita ce shiru. Fitowar da ta fi kowace tsanani a fim ɗin babu maganar 'yan wasa a cikinta. Uba da 'ya suna kallon wasan gargajiya na No, sai Somiya ya hango Miwa a cikin 'yan kallo ya sunkuyar da kai don gaisuwa. Noriko ta dubi matar, ta dubi mahaifinta, fara'arta ta gushe a hankali har kanta ya sunkuya, waƙar dandali kuwa tana ci gaba. Mintuna da dama aka ɗauka a haka. Da suka fito sai ta tsallaka ɗaya gefen hanya ta bar shi. Haka nan lokacin da ta tambaye shi gaba da gaba ko da gaske zai yi aure, gyaɗa kai kawai ya yi.

Dabara ta uku ita ce hotunan abubuwa marasa rai. Ozu, tare da mai ɗaukar hotonsa Yuharu Atsuta, yakan ajiye na'ura ƙasa ƙasa, kusa da tsayin mutumin da ke zaune a tabarma, ba ya kuma yawan motsa ta. Tsakanin fitowa da fitowa yakan sanya hoton tashar jirgin ƙasa ko itace ko ɗaki wayam. Mafi shahara cikinsu shi ne tulun ado na masaukin Kyoto. Da dare uba da 'ya suna kwance, Noriko ta fara magana, sai ta tarar ya yi barci. Aka nuna ta tana murmushi, aka nuna tulun, aka dawo kanta idonta ya cika da ƙwalla, aka sake nuna tulun. Manazarta irin su Paul Schrader a 1972 da Donald Richie a 1974, da masanin falsafa Gilles Deleuze daga baya, duk sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan tulu ba tare da sun haɗu a kan ma'ana guda ba. Namu ra'ayin shi ne, tulun ya yi aikin da tsallake ya yi a sauran fim ɗin. Daidai lokacin da zuciyar Noriko ke sauyawa, Ozu ya kawar mana da ido daga fuskarta, kamar yadda mai kara ke kawar da kai idan babba zai yi kuka. Mun ga kafin sauyin, mun ga bayansa, sauyin kansa kuwa an bar mata abinta.

6.0 Naƙasu da Amsa

Ana iya kawo suka biyu masu ƙarfi. Na farko, gidan Somiya gida ne na masu rufin asiri, kuma ɗan abin da aka nuna na wahalar bayan yaƙi bai kai ya kwatanta halin talakan Tokyo na 1949 ba. Wannan gaskiya ne, ko da yake alamun mamaya suna nan ga mai lura, kamar allon tallan Coca-Cola da ke gefen hanyar da aka yi yawon keke. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne doguwar nasihar da uban ya yi wa Noriko a Kyoto suna haɗa kaya, bayan ta roƙe shi ya bar ta ta ci gaba da zama da shi. Ya ce mata daɗin aure ba ya zuwa rana ɗaya, ma'aurata ne ke gina shi cikin shekaru, har ya tuna mata yadda mahaifiyarta ta sha kuka a farkon aurensu. Mai suka zai ce a nan Ozu ya ari bakin uban ya rufe bakin 'yar.

Ba mu yarda da wannan karatu ba, saboda abin da aka nuna bayan nasihar bai gaskata ta ba. Noriko ta amsa da ladabi, amma fuskarta ba ta masu gamsuwa ba ce. Ba a nuna mana ko rana ɗaya ta zaman aurenta da za mu ce uban ya yi gaskiya ba. Shi kansa mai nasihar, a daren auren, yana shan giyar shinkafa tare da Aya ya ce ƙaryar da ya yi ita ce mafi girma a rayuwarsa. Ya koma gida, mai aiki ta yi sallama ta tafi, ya zauna yana feraye tuffa, ɓawon ya yanke ya faɗi, kansa ya sunkuya, aka rufe da hoton igiyar teku. Fim ɗin da ke son ya ɗaukaka ra'ayin uba ba zai bar shi cikin wannan hali ba.

7.0 Kammalawa

Ozu ya sha komawa kan wannan batu. Setsuko Hara ta sake fitowa da sunan Noriko a finafinansa na 1951 da 1953, na biyun shi ne Labarin Tokyo wanda daraktocin duniya suka zaɓa fim na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta 2012. A 1960 ya juya labarin ya zama na uwa da 'ya, a 1962 kuma fim ɗinsa na ƙarshe ya dawo kan uba da 'ya. Wannan naci yana nuna cewa bai ɗauki tambayar a matsayin wadda aka gama amsawa ba.

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa Banshun bai tsaya wa tsohuwar al'ada ba, bai kuma tsaya wa sabuwar doka ba, ya dai auna abin da rabuwa ke ci wa mutum biyu masu ƙaunar juna. Darasin da ke ciki ga masu koyar da adabi da wasan kwaikwayo shi ne, a horar da ɗalibi ya riƙa tambayar abin da marubuci ya tsallake kamar yadda yake tambayar abin da ya nuna, domin a wannan fim hukuncin mai shi yana cikin angon da ba a gani ba da bikin da ba a halarta ba.