Kambun Mamaci: Kakar Tseren Motoci ta 1920 a Amurka

Ranar Alhamis 25 ga Nuwamba, 1920, ranar da Amurkawa ke bikin godiyarsu na shekara, aka yi tseren ƙarshe na kakar gasar motoci a Beverly Hills, gefen birnin Los Angeles. Mil 250 za a yi, zagaye 200. An ci kusan kashi uku cikin huɗu na tafiyar sai motar Gaston Chevrolet ta haɗu da ta Eddie O'Donnell a kan kwana. Gaston ya mutu nan take. Lyall Jolls, makanikin da ke zaune a gefen O'Donnell, shi ma bai tashi ba, O'Donnell kuwa washegari ya cika. Ba a tsayar da tseren ba, Jimmy Murphy ya ƙarasa ya ci. Da aka zauna aka tattara makin shekara, sai ga shi mamacin ne zakaran Amurka. Shekarunsa 28.

Kafin a yi maganar kambun, sai an san filin, domin filin ne ya haifi irin wannan tsere.

Tseren mota a kan titin gari ya fara, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Matsalar titi ita ce ba shi da ƙofa. Jama'a su cika gefen hanya kyauta, su riƙa kutsawa har tsakiyar titi, kuma abin da mutum zai gani bai wuce ƙura da wucewar mota fiu ba, sai ya jira mintuna kafin ta sake dawowa. Fili mai siffar ƙwai ya kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an kewaye shi, sai ka biya ka shiga, kuma daga inda kake zaune kana ganin kowace mota tun daga tashi har ƙarewa. Wato tun asali, zagayen dabarar mai sayar da tikiti ce kafin ta zama dabarar injiniya.

Sauran tambaya, da me za a shimfiɗe filin? Ƙasa tana tayar da ƙura ta makantar da direba. Kwaltar wancan zamani ba ta jure gudu, farfashewa take yi. A Indianapolis sai da aka jera bulo sama da miliyan 3 a 1909. Amma wani Bature ɗan Ingila mai suna Jack Prince, tsohon ɗan tseren keke wanda ya ƙware a gina filayen keke na katako, ya ce abin da ya ɗauki keke zai ɗauki mota. A 1910 aka buɗe na farko a Playa del Rey, Kalifoniya. Gobara ta cinye shi a 1913, amma an riga an ga amfanin abin.

Filin Beverly Hills, wanda Prince ya gina tare da injiniya Art Pillsbury a farkon 1920, tsawon zagayensa mil ɗaya da kwata ne, kimanin kilomita 2. Katako ne sirara ake jerawa a kan gefensu, ɗaya manne da ɗaya, a bi su da ƙusa. Kwanonin a ɗage suke kamar gefen akushi, gangaren ya kai digiri 35, har mutum ba ya iya hawa da ƙafa sai da rarrafe. Direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur a irin wannan kwana, gangaren ne ke juya masa motar. Shi ya sa a tseren buɗe filin, ranar 28 ga Fabrairu, Murphy ya yi matsakaicin gudun da ya haura mil 100 a awa, alhali a kan bulon Indianapolis wata uku bayan nan wanda ya ci bai kai mil 89 ba.

Sai dai katako ba abin ajiyewa a rana da ruwa ba ne. Cikin 'yan shekaru ya fara ruɓewa, ramuka su buɗe, tayar motar gaba ta riƙa watso tsinke da ɓaraguzan itace a fuskar na baya. Direban ba shi da bel, ba shi da kwalkwali, hular fata ko ta yadi ce da tabarau. A Tacoma ma, can jihar Washington, tazara aka bari tsakanin katakan don a rage kuɗi, aka cike ta da kwalta da tsakuwa, direbobi suka riƙa shan jifa. Kuma kowace mota mutum biyu ne a ciki. Na biyun makaniki ne, amma aikinsa ya fi kama da na yaron mota: ya buga famfo don mai ya riƙa isa inji, ya duba taya, ya waiwaya ya gaya wa maigidansa wa ke tafe. Haɗarinsu ɗaya, amma a littafin maki babu sunansa.

To, kakar kanta fa? Hukumar gasa ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, sau ɗaya ta taɓa shirya irin wannan kambu na maki ga manyan motocin tsere a shekarun nan, a 1916, lokacin da Dario Resta ya ci da Peugeot. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse abin. Da aka dawo da shi a 1920, tsere biyar kacal aka ware: Beverly Hills a farko da ƙarshe, Indianapolis a ƙarshen Mayu, Tacoma a Yuli, sai Elgin ta jihar Illinois a Agusta, wanda shi kaɗai ne a kan titi. Murphy ya ci biyun Beverly Hills. Tommy Milton ya ci Tacoma. Ralph DePalma ya ci Elgin. Gaston ɗaya ya ci, amma ɗayan nan ita ce uwar tafiya.

Ko ita ma da ƙyar ta zo hannunsa. A Indianapolis DePalma ne ke gaba da tazara mai kyau cikin motar Ballot ƙirar Faransa, saura zagaye goma sha wani abu cikin 200, sai motar ta kama da wuta ta tsaya. Makanikinsa, ɗan 'yar'uwarsa Pete DePaolo, ya sheƙa da gudu neman mai. Kafin su sake tayar da ita Gaston ya wuce, DePalma ya ƙare na biyar. Motar Gaston, mai ɗauke da sunan Monroe, ƙirar yayansa Louis Chevrolet ce, mutumin da motocin Chevrolet ke amsa sunansa har yau duk da cewa ya bar kamfanin tun da wuri. Bai canza taya ko ɗaya ba a mil 500. Kuma ita ce motar Amurka ta farko da ta ci tseren tun 1912, bayan Peugeot da Delage da Mercedes sun yi ta kwashe shi.

A nan lissafin yake. Ana ba da maki ne gwargwadon tsawon tsere da girmansa, cin Indianapolis kuwa maki 1,000 ne. Gaston ya gama kaka da 1,030. Ma'ana duk abin da ya tara a sauran shekarar maki 30 ne. Milton na da 930, Murphy 885. Mutumin da ya ci tsere biyu cikin biyar ya zo na uku. Idan manufar kaka ita ce a gano wanda ya fi riƙe wuta daga farkon shekara zuwa ƙarshe, to wannan tsari bai auna hakan ba. Tsere guda ne aka yi wa rakiya da huɗu.

Wannan ne ya riƙa ci wa masu ajiye tarihi tuwo a ƙwarya. Wajen 1926 wasu jami'an AAA biyu, Val Haresnape da Arthur Means, suka koma tsofaffin takardu suka ƙirƙiro zakaru ga shekarun da ba a yi gasar maki ba sam. Da suka zo kan 1920 sai suka haɗa da tseren da ba a ware ba tun farko, kambun ya koma hannun Milton. Daga baya aka mayar wa Gaston. A 1951 wani marubucin tarihin tsere, Russ Catlin, ya sake gyara littafin ya ba Milton, kuma shekaru da dama littattafai suna kwafar juna a kan haka, har sai da masu bincike suka koma jaridu da mujallun 1920 suka ga cewa kowa a lokacin Gaston ya sani a matsayin zakara.

Ni dai ina ganin masu gyaran sun gano cutar amma sun yi mata mugun magani. Wataƙila Milton ya fi Gaston iya tuƙi a wannan shekara, yana da hujja. Amma direbobin sun san tsere biyar ɗin da za a ƙirga tun kafin su tayar da inji, da wannan sani suka zaɓi inda za su je, inda za su lallaɓa mota, da inda za su sayar da rai. Ba a canza dokar dara bayan an kwashe 'ya'ya, balle a canza ta a kan wanda ba ya nan ya yi magana. Kuma Milton bai buƙaci kyautar kowa ba. Duk da ido ɗaya yake gani da shi, a 1921 ya ci Indianapolis, a cikin motar Frontenac ta Louis Chevrolet ɗin nan da ya binne ƙanensa wata shida kafin nan, ya kuma ci kambun shekarar da guminsa.

Murphy ya ci babban tseren Faransa a 1921 da motar Duesenberg, ya ci Indianapolis da kambun 1922. A Satumbar 1924 ya mutu a filin ƙasa na Syracuse, aka tattara maki, shi ma kambun ya same shi a kabari. A wannan shekarar aka kwance filin Beverly Hills, saboda ƙasar wurin ta fi tseren tsada. Shekara huɗu filin ya yi a duniya. A wani sashe na filin ne aka gina otal ɗin Beverly Wilshire.