2.3 Tsokaci a Kan Aikin Jacobson (1988)

Jacobson (1988) ya nazarci cunkoson da ya afka wa intanet a watan Oktoba na 1986, lokacin da gudun saƙo tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ya faɗo daga bit 32,000 zuwa bit 40 a daƙiƙa. Shawararsa ita ce a ɗora nauyin a kan kwamfutar da ke aikawa, wato ta fara a hankali tana ƙarawa, da zarar wani ƙunshin saƙo ya salwanta sai ta rage rabi.

Aikin ya taka rawar gani, domin an magance matsalar ba tare da sauya na'urorin tsakiyar hanya ba. Sai dai kuma ya ɗauki salwantar saƙo a matsayin alamar cunkoso. A ƙauyukan Bagudo na bakin iyakar Benin, inda wayar salula ce hanyar shiga intanet, raunin sabis ma kan salwantar da saƙo. Ke nan mai aikawa zai rage gudu alhali hanya fayau take. An bar jaki ana dukan taiki. Tsarin BBR na kamfanin Google (2016) ya yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar auna ƙarfin hanyar da jinkirinta kai tsaye.