Komawa Gida Da Kakaki: Sharhi A Kan Faifan GNV FLA Na Less Than Jake

A watan Yuni na shekarar 2008 wasu makaɗa biyar 'yan garin Gainesville da ke Jihar Filorida ta ƙasar Amurka, waɗanda suke kiran ƙungiyarsu Less Than Jake, suka fitar da faifai mai waƙoƙi 14. Sunan da suka sa masa, GNV FLA, sunan garinsu ne da na jiharsu a taƙaice. Da ganin sunan mai saye ya san alkawarin da ake yi masa, wato an dawo gida, an kuma dawo kan irin kiɗan da aka san su da shi tun farko. Abin da muke son dubawa a wannan fitowa shi ne ko an cika wannan alkawari, kuma wane ɓangarensa ne ma yake cikuwa.

Kafin nan, ya kamata mu ɗan share fage saboda masu karatun da kunnensu bai saba da wannan kiɗa ba. Ska kiɗan Jamaika ne da ya kankama daf da samun 'yancin ƙasar a 1962, kuma shi ne kakan rege, don Bob Marley da kansa da ska ya fara. Alamarsa biyu ce. Ta farko, ana dantse jita a tsakanin bugu da bugu, wato a daidai lokacin da ƙafar mai rawa take sama kafin ta taka ƙasa. Ta biyu, kayan busa irin na 'yan badujala, su kakakin Turawa mai zugewa da saksofon. A 1979 samarin Coventry ta Ingila irin su The Specials suka sabunta shi, daga baya kuma 'yan Amurka irin su Operation Ivy suka gauraya shi da punk, kiɗan samari mai gudu da hargowa da fushi. Wannan gamin gambiza shi ake kira ska punk, kuma kasuwarsa ta yi tashe sosai wajen 1996 zuwa 1997, sannan ta faɗi kamar an yi ruwa an ɗauke.

A cikin wannan guguwa Less Than Jake suka taso. Sun kafu a 1992, suka fitar da Pezcore a 1995, sai Losing Streak a 1996 da Hello Rockview a 1998, biyun ƙarshen a ƙarƙashin babban kamfanin Capitol. Jigon waɗannan faya-fayai kusan guda ne: saurayi ya ƙosa da ƙaramin garinsu, yana ganin abokansa sun maƙale a wuri ɗaya, yana sake-saken ranar da zai ɗaure kayansa ya bar garin. Mai rubuta musu baitoci shi ne makaɗin gangunansu, Vinnie Fiorello, masu rerawa kuwa Chris DeMakes da Roger Lima. Marubuta za su so su lura da wannan tsari, mai alƙalami yana can baya a zaune, maganarsa tana fitowa ta bakin wasu.

To, daga nan ne aka fara samun sauyi. Anthem na 2003, wanda ya fito a ƙarƙashin Warner, ya kai mataki na 45 a jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard. Sai In with the Out Crowd a 2006, wanda shi ne ya jawo cece-ku-ce. An goge sautin ya yi sumul don ya shiga gidajen rediyo, an tura masu busa can baya har a wasu waƙoƙin sai ka kasa kunne kafin ka ji su, an kuma gayyato marubutan waƙa daga waje, cikinsu har da Mark Hoppus na blink-182. Tsofaffin masoya suka ce an sayar da su, sababbin da ake nema kuma ba su zo ba, don faifan a mataki na 78 ya tsaya. An yi ba wan ba ƙanen. A 2007 ƙungiyar ta rabu da Warner, ta yi jerin wasanni inda kowane dare take kaɗa tsohon faifai guda daga farko har ƙarshe, sannan ta kafa nata kamfanin mai suna Sleep It Off, ta tafi Shikago wurin furodusa Matt Allison aka ɗauki GNV FLA.

Akwai wani abu da masu ƙorafi suka cika tsallakewa. Furodusan da ake ɗora wa laifin lalata sautin 2006, wato Howard Benson, shi ne dai ya yi aikin Hello Rockview, faifan da ake cewa a koma wa. Haka nan zargin sayar da kai bai fara a 2006 ba, tun a Pezcore suna da waƙa da suke yi wa masu yi musu wannan gori shaguɓe. Ashe ke nan "sautin da" ɗin da ake kuka a kansa a hannun babban kamfani da gwanin furodusa aka ƙera rabinsa. Abin da masoya suke begen sa, a namu ganin, ya haɗa da shekarun da su kansu suke ciki lokacin da suka fara jin waƙoƙin, kuma wannan babu ɗakin ɗaukar murya da zai iya mayar wa mutum.

Ta fuskar salo, babu musu an yi ƙoƙari. Faifan ya buɗe da 'yar gajeriyar waƙa mai sanyi, mai tafiyar hawainiya, a kan garin Gainesville, kafin mai sauraro ya gyara zama sai ta biyu ta faɗo masa da gudu. Wannan haɗi shi ne wuri mafi kyau a faifan gaba ɗaya. Masu busa sun dawo sahun gaba, dantsen jita ya dawo, waƙoƙin gajeru ne, duka faifan bai kai minti 40 ba, kuma an bar wa muryoyin kaushinsu. Amma a nan muke da ja. Kaushin Pezcore na rashi ne, yara ne da ba su da kuɗin ɗaukar murya mai kyau. Kaushin 2008 kuwa zaɓa aka yi, kamar attajirin da ya sa tsohuwar rigarsa don zuwa unguwar da ya tashi, wanda duk mai ido zai ga an wanke ta an goge. Daɗin daɗawa, a zamanin Hello Rockview masu busa uku ne, a 2008 kuwa sauran biyu, Buddy Schaub da Peter Wasilewski, kuma na biyun ma sai a 2000 ya shigo. A kashi na biyu na faifan akwai waƙoƙi uku ko huɗu da suke kama da juna har mutum ya rasa inda wata ta ƙare wata ta fara, kuma akwai inda ake jin an cusa busa ne kawai don a nuna cewa ga ta nan fa, ba a manta ba. Irin wannan wuri yana tuna mana da marubucin da masu karatu suka matsa wa ya sake rubuta irin littafinsa na farko, sai ya bi shafi-shafi yana zuba karin magana don ya tabbatar musu har yanzu shi ne.

Inda faifan ya ci nasara ta gaske shi ne jigo, kuma abin mamaki a nan ne bai koma baya ba ko kaɗan. Fiorello bai yi ƙaryar cewa shi saurayi ne ba. A 1998 mai magana a cikin waƙoƙin yana son guduwa daga gari. A 2008 mai maganar ya haura shekara 30, ya zaga duniya ya dawo, yana duban abin da garin ya zama. Waƙar "The State of Florida" kuka ce a kan yadda dillalan filaye da magina suka cinye jihar, kuma ta fito ne a daidai lokacin da kasuwar gidaje ta Amurka ta ruguje, Filorida tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. "Handshake Meet Pokerface" tana magana a kan uwa da ta ƙare ƙarfinta a wurin aiki shekara da shekaru ba ta tara komai ba. Wasu kuma a kan bashi ne da ƙwaya da abokan da rayuwa ta kayar. Hausawa sun ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, kuma waɗannan baitoci na wanda ya dawo ne ya tarar da gaskiyar maganar.

Saboda haka sai aka sami kiɗan 'yan shekara 20 yana ɗauke da maganar magidanta. Wasu za su ga wannan a matsayin rashin jituwa. Mu dai muna ganin shi ne ya ceci aikin, domin tun asali haka ska yake, ana rawa ana faɗin magana mai ɗaci. A 1981 The Specials sun yi haka da "Ghost Town", lokacin da rashin aikin yi ya dabaibaye biranen Ingila. Da a ce Less Than Jake sun mayar da jigon baya kamar yadda suka mayar da salon, da mun sami manya suna kwaikwayon ƙuruciyarsu, abin da ba ya yi wa kowa kyan gani.

GNV FLA ya tsaya a mataki na 61, sama da faifan da babban kamfani ya kashe wa kuɗi a 2006. Ƙungiyar ta ci gaba a kan wannan turba a See the Light na 2013. A 2018 Fiorello ya sauka daga kan ganguna, Matt Yonker ya gaje shi, aka fitar da Silver Linings a 2020. Wanda yake son ya gwada hukuncinmu, ya saurari Hello Rockview tukuna, sannan ya sa waƙoƙi shida na farkon GNV FLA, yana riƙe da takardar baitocin a hannu.