Ma'aunin Shiga Jami'a: Ilmin Kwamfuta Ko Injiniya?

Akwai wata al'ada da ta shigo mana, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. In yaro ya gama sakandare, sai ka ga ubansa ya jera sunayen fannonin jami'a, yana tambaya, "Wanne ne ya fi wuyar shiga?" Wanda aka ce masa ya fi wuya, shi ne zai ce ɗansa ya nema, wai shi ya fi daraja. Bari mu gwada wannan ma'auni a kan fannoni biyu, watau ilmin kwamfuta da aikin injiniya, mu ga ko yana faɗin gaskiya.

Da fari, ƙofar shiga ɗaya ce. Tun 1978 aka kafa hukumar JAMB don shirya jarrabawar shiga jami'o'in Nijeriya. Yaro yakan ɗauki darussa 4, jimlar makinsu 400, kuma Turanci dole ne ga kowa. Ban da wannan, ana son ya sami kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, da Turanci da Lissafi a ciki.

Daga nan hanya ta rabu. Mai neman injiniya, sai ya haɗa Lissafi da Fizis da Kemistiri. Mai neman ilmin kwamfuta kuwa, galibi Lissafi da Fizis ne suka zama masa tilas, na ƙarshen yana iya zaɓa daga Kemistiri ko Bayoloji ko ilmin noma ko ilmin tattalin arziki ko labarin ƙasa, gwargwadon abin da jami'ar ta yarda da shi. Injiniya shekara 5 ne, kwamfuta 4. Har ila yau akwai injiniyan kwamfuta, wanda yakan ruɗa mutane. Shi yana cikin gidan injiniyoyi ne, da sharaɗinsu da shekarunsu, aikinsa ƙera na'urar da haɗa sassanta. Ɗan ilmin kwamfuta kuwa shi ke tsara umurnin da na'urar za ta bi.

To, a nan mai gaggawa zai ce lalle injiniya ya fi, tun da sharaɗinsa ya fi tsauri. Wannan kuskure ne. An sa Kemistiri ne don injiniya zai yi ta'ammali da ƙarfe da siminti da mai, dole ya san halinsu. Sharaɗi yana nuna irin guzurin da tafiyar ke bukata, bai nuna wace tafiya ta fi albarka ba.

Haka kuma zancen maki. A 2025 an tsayad da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma ya ɗaga nasa. Me ke ɗaga shi? Yawan masu nema da ƙarancin gurbi. Kamar farashin gero ne a kasuwa, in masu saye sun yi yawa sai ya hau, alhali geron bai sake ba. Bugu da ƙari, a jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 kaɗai ake ɗauka bisa cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilmi. Saboda haka maki ɗaya yana iya shigad da yaro Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kasa shigad da shi wata.

Babban aibin wannan ma'auni shi ne yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Makin shiga ba ya gaya maka ko sashen yana da malamai isassu, ko ɗakin gwaji mai aiki, ko wutar lantarki. Ba ya gaya maka ko hukumar NUC ta amince da fannin, ko kuwa COREN, mai yi wa injiniyoyi rajista, ta yarda da shi. In ba ta yarda ba, yaro na iya kashe shekara 5 ya fito ya sha wahalar samun rajista.

Duk da haka ba mu ce a yi watsi da sharuɗɗan ba. Amfaninsu shi ne a san su da wuri. Yaron da ya bar Fizis tun ajin farko na babbar sakandare, ko wanda makarantarsu ba ta da malaminsa, ya rufe wa kansa ƙofofin nan biyu bai sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kai da ka koyi karatu da girmanka, kada lambobi su tsorata ka. Je ka makarantar ɗanka ko 'yarka, ka tambayi wane darasi ake koyarwa da wanda babu malaminsa. Ka duba ƙarfin yaron a Lissafi, gama shi ne ginshiƙin fannonin nan biyu. Sa'an nan ka tambaye shi abin da ransa ke so, domin shi ne zai zauna a ajin.